Kada a Goge Allon Aji Huɗu

Mataimakin shugaban makarantar mutum ne da ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya ya yi tunanin abin da kake nema a wurinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa, kuma a cikinsu ya gama gano cewa yara suna ƙarya, iyaye suna ƙarya, malamai kuwa sun fi kowa iyawa, don tasu a rubuce take zuwa, har da kwanan wata. Yara suna kiransa Jan Biro a bayan idonsa. Ya sani sarai, bai kuma ji haushi ba, ya ma ɗan ji daɗin sunan.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Shekara tara da suka wuce ya sa hannu a takardar wani sabon malami, ya rubuta a riƙe shi, ashe bawan Allah da takardun yayansa ya zo. Da asiri ya tonu aka kira Mataimaki ofishin ilimi, aka bar shi a tsaye gaban wani jami'i da a haife ya haife shi, yaron yana nuna masa sa hannunsa da bakin biro yana tambayarsa ko da idonsa biyu ya sa. Kunyar ranar ba ta taɓa barinsa ba. Abu ɗaya kuma ya riƙe game da malamin bogin nan: duk tambayar da yaro ya yi masa, sai ya murmusa ya ce, "To kai me ka gani?" Da haka ya ci wata goma sha huɗu ba wanda ya gane bai san komai ba.

Saboda haka ranar da Mataimaki ya wuce ta bakin tagar aji huɗu, ya ji sabuwar malamar da aka turo tana ce wa wani yaro, "To kai me ka gani?" sai ƙafarsa ta ƙi gaba.

Wata uku aka ba ta na gwaji. A ƙarshen zango akwai fom guda mai gida biyu, a riƙe ta ko a sallame ta. Mataimaki ne zai fara sa hannu, Shugaba ya sa nasa a ƙasa. Ta sani, shi ma ya sani, har mai gadi ya sani.

Tun daga ranar ya sa mata ido, kuma kullum sai ya samo abin da zai ƙara a tulin zarginsa. Ta juya bencina, yara suna fuskantar juna shida-shida, wasu sun ba allo baya kamar sun yi faɗa da shi. Ajin nan ba ya shiru. Ita kuma ba ka ganinta a gaba inda malami yake tsayawa, sai ka leƙa da kyau ka hango ta tsugune a gefen wani benci, tana sauraron shirmen ɗan shekara tara da fuskar mai sauraron likita. Da ya karɓi littattafan yaran ya duba, abin ya ƙara ɗaure masa kai. A ajinsa, in ka buɗe littafi arba'in, abu ɗaya za ka gani sau arba'in, har inda aka ja layi. Nan kuwa kowa da abin da ya rubuta, wani da zane, wani ya soke ya sake, ba kuma jan biro ko ɗigo.

Ya kai wa Shugaba magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shugaba mutum ne mai son a zauna lafiya, mai tumbi da yawan dariya, abokinsa ne tun suna kwaleji.

"Malam, ka bar yarinyar nan ta sha iska," in ji shi. "Sabon salo ne ake koya musu yanzu. Wai yaro shi zai gina iliminsa da kansa."

"Da me zai gina? Da yawu?" Mataimaki ya ce. "In yaro zai gina da kansa, ita me aka kawo ta yi? Ka tuna wancan ma haka aka ce, sabon salo."

Ranar Litinin ta makon ƙarshe, bayan an tashi, ya zagaya yana duba tagogi kamar yadda ya saba. Ya tura ƙofar aji huɗu. A tsakiyar allo, da rubutunta mai kyau da ya sani daga littafin tsara darasi, an rubuta:

*Ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu girma.*

A ƙasa an ja layi an sa: *Kada a goge.* A gefe kuma akwai lamba ashirin da tara a cikin da'ira.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Rubutun bai canja ba. Wani irin daɗi marar kyau ya ratsa shi, daɗin wanda ya daɗe yana cewa akwai ɓera a ɗaki ana masa dariya, yau ga ɓeran a fili. Ya fito da ƙaramin littafinsa ya kwafe jimlar, ya sa kwanan wata da lokaci.

A gida abin ya same shi a inda bai shirya ba. Jikarsa, 'yar babban ɗansa da ke zaune a wurinsu, a aji huɗun take. Rediyo ake kiranta a gidan, don ba sai an kunna ta ba. Suna cin abincin rana ya tambaye ta, yana yi kamar ba da wata manufa ba, wanne ya fi girma tsakanin ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa huɗu.

"Ɗaya bisa takwas mana, Kaka. Takwas ai ta fi huɗu."

"Malamarku ce ta gaya muku?"

"A'a, mu muka gaya mata. Mu ashirin da tara muka ɗaga hannu. Ta ce ta rubuta yadda muka ce, mu kwana da shi, mu zo mu kare shi ranar Laraba."

Ya ajiye cokali. Lissafi da ƙuri'a kenan. Gobe in mutum talatin suka ɗaga hannu cewa rana daga yamma take fitowa, sai a rubuta a ce kada a goge.

"Takwas ba ta fi huɗu ba ne?" matarsa ta ce daga bakin kicin, da muryar da take yi in tana son tsokanarsa.

"Ke ma kin shiga ajin?"

"Ni dai tambaya na yi, Malam. Ka bi a hankali da 'yar mutane. Kai ko mai kawo takardar wuta sai ka ce a nuna maka katinsa."

"Ai ranar da ban tambaya ba kin ga inda aka tsayar da ni."

Bai gyara wa Rediyo ba a lokacin. Yana son shaidarsa ta kwana yadda take.

Ranar Talata jimlar tana nan daram. A ɗakin malamai ya same ta tana yanka tsohuwar kalanda da almakashi, tana tara tsilla-tsillar takardu dogaye a cikin kwali. Ya zauna nesa kaɗan, ya buɗe jarida.

"Malama, na ga wani abu a allonki."

"Ka gani, Malam? Nasu ne."

"Ke kuma me kika ce a kai?"

"Ban ce komai ba tukuna."

"Amma kin san amsar."

Ta ɗago ta dube shi, sai ta yi ɗan murmushi. Shi wannan murmushin ne ya fi ba shi haushi, don ya taɓa ganin irinsa.

"Malam, yaro ba fanko yake zuwa aji ba," ta ce. "Yana zuwa da nasa. Shekara huɗu muna koya musu takwas ta fi huɗu, kuma gaskiya ne. Yanzu in na ce musu a nan ba haka ba ne, za su rubuta, za su haddace, amma na da ɗin yana nan a ƙasa bai motsa ba. Gara ya fito fili mu gan shi, su taɓa shi da hannunsu su ga inda ya karye."

Magana ta yi daɗi, har ta yi daɗi da yawa. Ya lura kuma cewa duk tsawonta ba ta faɗi wanne ya fi girma ba. Wanda ya san amsa ai faɗa yake yi, me zai ɓoye? Ya naɗe jaridarsa ya fita.

Da ya shiga ofis ya ciro fayil ɗinta, ya ɗaga kwafin takardar shaidarta saitin taga, ya duba hatimi, ya duba hoton, ya gwada sa hannun da na littafin zuwa aiki. Bai ga komai ba, kuma rashin ganin ya ƙara masa zargi, don masu yin na bogi sun ƙware yanzu. Ya buga waya ofishin ilimi, ya nemi a kira ta gobe Laraba da safe ta kai ainihin takardunta a tantance. Ya gaya wa Shugaba cewa shi zai riƙe ajin kafin ta dawo.

Da ya shiga aji huɗu ranar Laraba, yara suka miƙe tsaye har da masu tuntuɓe. Ya sa aka juya bencina suka fuskanci gaba. Ya ɗauki dasta, ya share jimlar da layinta da da'irarta, ya ji kamar ya cire ƙaya daga tafin ƙafa. Kwalin takardun nan yana ƙarƙashin teburinta, ya tura shi gefe da takalmi don ya samu wurin tsayawa. Sannan ya rubuta da manyan baƙaƙe:

*Duk kason da lambarsa ta ƙasa ta fi girma, shi ne ƙarami.*

Ya ba da misali huɗu. Ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas, haka dai. Ya sa suka maimaita sau goma, layi-layi, sannan gaba ɗaya, har tagogi suna amsawa. Wani yaro mai manyan kunnuwa a ƙarshen benci ya ɗaga hannu a tsorace.

"Malam, me ya sa?"

"Doka ce. Rubuta."

Suka rubuta. Ya bi benci-benci yana sa maki da jan biro, littafi arba'in, abu ɗaya sau arba'in. Da aka buga ƙararrawa monita ya goge allo kamar yadda ake yi a kowane aji mai hankali. Mataimaki ya fito yana jin ya ceci rayuka, minti talatin da biyar kacal, abin da ita ta kwana uku tana kewaye-kewaye a kai.

Da azahar aka bugo daga ofishin ilimi. Takardunta na gaske ne, kuma a lissafi ta fi ƙarfi. Ya yi godiya ya ajiye wayar, ya zauna yana kallonta. Zargi ba ya mutuwa don an kawo masa hujja, wuri kawai yake canjawa. To in ta sani, ya ce a ransa, lalaci ne kenan, ko raini.

Ranar Alhamis ce ranar duba darasi na ƙarshe. Shi da Shugaba suka zauna a bayan aji a kan kujeru biyu, fom ɗin yana kan gwiwarsa. Malama ta shigo, ta dubi allo wayam, ta dubi bencina a jere. Ba ta dubi inda yake ba ko sau ɗaya, kuma da ta dube shi da ya fi masa sauƙi.

"Wanne ya fi girma," ta ce, "ɗaya bisa takwas ko ɗaya bisa huɗu?"

"Ɗaya bisa huɗu," aji ya amsa da murya ɗaya.

"Me ya sa?"

"Duk kason da lambarsa ta ƙasa ta fi girma, shi ne ƙarami."

Har inda yake jan numfashi a tsakiyar jimlar, nan suka ja nasu. Shugaba ya gyaɗa kai, ya zungure shi da gwiwar hannu, ya raɗa masa, "Ka gani ko? Yaran sun iya."

Da a ce ta tsaya nan, da ta ci aikinta. Mataimaki ya san haka, kuma ya ga ita ma ta sani, don ta ɗan jima riƙe da alli tana juya shi. Sai ta juya ta rubuta lambobi biyu a allo: bakwai bisa takwas, da ɗaya bisa huɗu.

"Waɗannan fa?"

Ya gane inda matsalar take tun kafin su buɗe baki. Dokarsa tana aiki ne kawai in lambobin sama iri ɗaya ne. Ya san haka tun yana ɗan makaranta, ya koyar da shi sau ba adadi. Jiya duk misalansa da ɗaya a sama suke, yana sauri, yana jin daɗin kansa, ya bar rabin maganar a aljihu.

"Ɗaya bisa huɗu," suka ce, da ƙarfinsu da gaskiyarsu. Muryar Rediyo ta fi ta kowa fita.

Shugaba ya daina murmushi.

Tarko ta ɗana mini, Mataimaki ya ce a ransa. Yanzu za ta tambaye su wa ya koya musu. Ya gyara zama yana jiran saukar abin. Ba ta tambaya ba. Ta jawo kwalin nan, ta raba wa kowane yaro takarda biyu masu tsawo ɗaya, ta ce a ninka ɗaya gida huɗu, ɗaya gida takwas, a shafa wa gida ɗaya fensir a ta farko, gida bakwai a ta biyu, a jera su a gani.

Daga inda yake yana hango hannun Rediyo. Ta ninka, ta shafa, ta jera. Ga bakwai bisa takwas ya miƙe ya kusa cinye takardar, ga ɗaya bisa huɗu ɗan guntu a gefensa, makaho ma ya shafa ya gane. Yarinyar ta dubi takardun. Ta buɗe littafinta ta dubi jimlar da makin jan biro a kai. Ta sake duban takardun. Sai ta waiwayo ta saci kallon kakanta, ta tattara takardun a hankali ta tura su ƙarƙashin cinyarta, ta naɗe hannu a kan benci.

Abin ya soke shi sosai. Yarinyar da ba ta yarda da maganar kowa a gida sai ta ja, yau ta ga abu da idonta ta ɓoye, don kada idon ya saɓa wa kakanta.

Ba ita kaɗai ba ce. Malama tana bi tana tambaya, "Me ka gani a taka?" yara suna cewa sun yi kuskuren ninkawa, ko takardarsu ce ba daidai ba. Mai kunnuwan nan ya buɗe baki, ya dubi bayan aji, ya rufe. Ana cikin haka aka buga ƙararrawa.

A ofis Shugaba ya zube a kujera ya share gumi.

"Malam, na ba ka gaskiya. Wata uku kana faɗa ina ƙi. Yara arba'in, takarda a hannunsu, sun kasa gane dogo da gajere. Sa hannu mu sallame ta, gobe a kai fom."

Ga abin da ya nema an miƙo masa a faranti. Ba wanda zai tambaya. Allon an goge, rubutun da ke littattafai na yara ne, ita kuma da alama ba mai kai ƙara ba ce. Ya zare murfin biro. Ya tuna hannun Rediyo yana tura takardu ƙarƙashin cinya, sai ya mayar da murfin.

"Ni na koya musu."

"Ka koya musu me?"

"Dokar nan. Jiya da na riƙe ajin. Na ba su rabi na bar rabi."

Shugaba ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Da ya ga fuskar abokinsa ba ta motsa ba, dariyar ta tsaya, ya ƙanƙance ido.

"Kai? Ka manta lambar sama? Malam, tun muna kwaleji kai kake gyara mini lissafi. Wa ya zo wurinka jiya? Mahaifinta ne, ko wani ne ya bugo daga ofishi?"

"Ba wanda ya zo."

"Mutum ya yi wata uku yana haƙa rami, ranar turawa ya ce shi zai faɗa? Akwai dai wani abu. In tausayi ne ka faɗa mini. In kuma wata magana ce daban, gara in ji daga bakinka kafin in ji a gari."

Mataimaki ya ji zafin maganar har cikin kunnensa. Yau shi ake wa kallon da ya saba yi wa mutane, kuma ya ga yadda duk amsar da ka bayar take zama ƙarin hujja a kanka.

"Ka tambayi yaran."

"Yaran da suke rawar jiki in sun ji tarinka? Ko me ka ce su ce, za su ce." Shugaba ya ja fom ɗin gabansa ya dafe. "Ga yadda za a yi. Gobe darasin farko mu koma. Ka tsaya gabansu ka faɗa da bakinka, ina kallon fuskokinsu. In na ga gaskiya ne, kuma suka gane abin ba tare da wani ya ɗura musu ba, na sa hannu a riƙe ta. In ba haka ba, ban sa sunana a abin da za a kira ni ofis a tsayar da ni ba. Kai ka koya mini wannan."

Ya same ta a aji bayan an tashi, tana tsince takardun da yara suka zubar tana miƙar da su a kan gwiwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaya mata yadda suka yi da Shugaba, a taƙaice, yana kallon bango.

"Na san kai ne, Malam," ta ce. "Tun da suka buɗe baki. Da muryarka suka amsa."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"A gaban yara?"

"Me ya sa kuma kika kawo bakwai bisa takwas? Da kin yi shiru da kin wuce."

"Da na wuce, su kuma su tafi aji biyar da ita." Ta dube shi, kuma ya ga ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. "Gobe in ka faɗa musu, Malam, sai me? Ka ba su sauran rabin su haddace?"

"Ai shi ne gyaran."

"In ka ba su, sun sake kwafa ne kawai, kuma Shugaba zai gani. Ni dai aikina yana hannunka tun ranar da na zo. Ka yi yadda ka ga dama."

Ta ci gaba da miƙar da takardunta. Ya so ya ji haushi, bai samu inda zai kama ba.

Ranar Juma'a da safe ya shiga aji huɗu ba dasta, ba alli. Shugaba yana baya da fom a kan gwiwa, Malama tana tsaye jikin taga. Yara suka miƙe, ya ce su zauna. Maganar ta yi masa nauyi. Ya tsaya gaban manyan jami'ai bai ji haka ba.

"Abin da na koya muku ranar Laraba," ya ce, "ba daidai ba ne. Na yi kuskure."

Ba wanda ya motsa. Ido tamanin suna kallonsa, kuma ya karanta abin da ke cikinsu sarai, don shi ya san wannan kallon fiye da kowa. Suna zaton tarko ne, duk wanda ya yarda shi za a fara kamawa.

"Malam, ai ka sa mana maki," in ji mai kunnuwa, da ƙyar ake jin sa.

"Na sa. Makin ma kuskure ne."

Wani ɗan gunaguni ya bi ajin. A baya Shugaba ya miƙe zaune, ya daina wasa da biro. Ya ga abin da ya zo gani, yaran ba wasan kwaikwayo suke ba, amma hannunsa bai kai kan fom ba tukuna.

Rediyo ta ɗaga hannu. Idonta ya cika da ƙwalla, irin ta wanda aka ba kunya a gaban mutane.

"Kaka," ta ce, sai ta gyara, "Malam. To yanzu wanne ne daidai? Ka faɗa mana mu rubuta."

Littattafai suka buɗe a tare. Fensir arba'in suka tsaya a kan takarda suna jira.

Amsar tana kan harshensa, cikakkiya, a gyare, kalma goma sha biyu ko ƙasa da haka. Zai iya faɗinta kafin a ƙifta ido, hawayen jikarsa su tsaya, yara su sake ganinsa yadda suka san shi. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa tambayarsa abin da ya sani ya yi shiru ba. Ya ji jimlar tana turo haƙoransa. Malama ta daina numfashi, kuma ya ji hakan daga inda yake.

Ya sunkuya ya jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ciro takarda biyu ya ajiye a gaban jikarsa.

"Rufe littafin," ya ce. "Ninka. Duk abin da idonki ya gani, shi za ki faɗa, ko da ya saɓa mini."

Ta dube shi ta ga ko da gaske yake. Ta ninka, ta shafa fensir, ta jera. Sauran yara suka taso suka kewaye bencin ba wanda ya ba su izini, ba kuma wanda ya hana. Ta daɗe tana kallon takardun.

"Bakwai bisa takwas ya fi tsawo," ta ce a hankali.

"Amma gidajensa ƙanana ne," wata ta ce daga baya.

"Ƙanana ne, amma ai guda bakwai ne," in ji mai kunnuwa, muryarsa ta fito sosai a karon farko. "Na huɗun babba ne, amma shi kaɗai ne."

Nan gardama ta kaure, kowa yana neman takarda, bencina suna juyawa da kansu. Wani yana cewa to in biyu bisa takwas ne fa, wani yana fizge na ɗan'uwansa ya gwada. Malama ta bar jikin taga ta shiga cikinsu ta tsuguna.

Mataimaki ya ja baya har ya jingina da allo. Ba wanda ya sake dubansa. Ta saman kawunan yaran ya hango Shugaba yana sa hannu a takardar da ke kan gwiwarsa, bai ma jira shi ya fara ba, sannan ya ɗago fom ɗin yana masa alama ya zo ya sa nasa. Ya so ya je, amma babu hanya, yara sun cika tsakanin bencina. Sai ya tsaya a wurin da hannu a baya, da amsar a bakinsa, yana jira su gama.